Farantan Daidaita Jirgi na Bennett: Yoyon Mai da Yadda Ake Kama Shi

Wasu jiragen faiba masu gudu, irin waɗanda ake sakawa a madatsar Goronyo da gulbin Rima, suna zuwa da farantai biyu na ƙarfe a gindin bayansu, ɗaya hagu ɗaya dama. Su ke danne hancin jirgi in ya ɗaga, su ke miƙar da shi in kaya sun rinjayi gefe guda. Na kamfanin Bennett na Amurka, masu aiki da mai, su muka duba a nan. Ra'ayinmu: kaya ne masu daɗin gyara, amma ba su son mai nauyin hannu da sifana.

Abin da ya fi burge mu shi ne ƙarancin tarkace. Famfo ɗaya ne mai ɗan tanki, yana cin batir mai ƙarfin volt 12, da bawul biyu, sai siririn tiyo guda zuwa silindar kowane faranti. Mai ne ke tura faranti ƙasa, sifirin da ke cikin silinda ya dawo da shi sama. Man kuwa man giyar mota mai otomatik ne, wato ATF, ja ɗin nan da ake samu a kowane shagon kayan mota a Sakkwato. Wuraren da zai iya tsiyaya ba su da yawa: notin bakin famfo, notin gwiwa, wato mahaɗa mai lanƙwasa da ke cikin jirgi, ɗan bututun da ya ratsa bangon baya, kan silinda, robar fistin, sai jikin tiyon kansa.

Kafin a kwance komai, a tabbatar yoyon na gaske ne. Ana duba mai ne bayan an ɗage farantan duka biyu sama ƙarshe. In suna ƙasa, man yana cikin silinda, tanki zai nuna kamar ya ragu. Nan ake yawan kuskure: a cika tanki a wannan hali, da an ɗage farantai man ya dawo ya yi ambaliya, a ce famfo ya fashe. In kuma faranti yana komawa sama da kansa alhali man tanki bai ragu ba, ba waje yake zuba ba. Datti ne ya hana bawul rufewa, man yana sulalewa ya koma tanki.

In ya tabbata yana raguwa, a fitar da jirgi kan tudu. A wanke kowace mahaɗa da ruwan omo, a bari ta bushe sarai, a naɗa mata farar takarda. A sauke faranti ɗaya ƙasa ƙarshe, a riƙe makunnin na daƙiƙa 15. Jan ɗigo a farar takarda ba ya ɓuya. A yi hagu daban, dama daban. In jirgin na cikin ruwa, alamar ita ce wani sheƙi mai launin bakan gizo da ke tasowa daidai silindar da ta lalace.

Galibi a noti ake kama ɓarawon. Cikin notin akwai ɗan zobe mai cizon tiyo. Da zarar an matse shi fiye da ƙima ya lanƙwashe, ƙarin matsi ƙarin yoyo ne. A yanke bakin tiyon da reza, yanka ɗaya a miƙe ba a karkace ba, a sa sabon noti da zobensa, a tura tiyon har ya dunguri ƙarshe. A ɗaure da yatsu, sannan a ƙara zagaye ɗaya tak da sifana mai rabin inci. Ɗaya, ba ɗaya da rabi ba.

Ɗan bututun da ke shiga kan silinda shi ma haka: ɗaurin hannu, sai zagaye biyu. Kan silindar ba ƙarfe ba ne, roba ce mai tauri, kuma zaren bututun yana ƙara kauri yana shiga, don haka wuce gona da iri tsaga shi yake yi, tsaga siririya kamar gashi wadda ba ta nuna kanta sai mai ya matsa. Wannan ba ya jin gam, canji ne kawai. Lokacin ɗaura gwiwa a ciki, a naɗa farin tef a zaren, a kuma riƙe bututun da filaya kada ya juya tare da ita.

In man daga ƙasan silinda yake fita, robar fistin ce. A buɗe a hankali saboda sifirin, a shafa cikin silindar da farce. In farce ya maƙale a karce, sabuwar roba ba za ta yi kwana nawa ba. A sayi silinda sukutum. Ruwan damina mai laka da yashi shi ke jawo wannan. Man da ya koma kamar an zuba masa madara kuwa, ruwa ne ya shiga. A zubar da shi duka a sake sabo.

Inda kayan suka rage mana armashi shi ne samun kayan canji. Da wuya a same su a kasuwar nan, sai an yi oda, kuma awonsu na inci ne. Tiyon iska mai awon milimita yana kama da shi a ido, amma zoben ba ya cizonsa daidai. Mai jirgi ya ajiye noti huɗu, robar fistin biyu da tiyo mita biyu tun kafin ruwa ya sauka. Zafin Afirilu, da ke haura digiri 40, yana busar da tiyon jirgin da aka yasar a rana, ɓeraye kuma na gwaguyarsa. A rufe jirgi da tamfol, a bi tiyon da hannu kafin a koma ruwa. Don Allah kada a zuba man birki, yana kumbura robobin. A lokacin hunturu a goge bakin tanki kafin a buɗe, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tokare bawul.

Bayan gyara ba sai an nemi wurin fitar da iska ba. A cika mai, a sauke farantai na daƙiƙa 15, a ɗage na daƙiƙa 15, sau uku. Iskar za ta fita da kanta. A sake duba man alhali farantan suna sama, a yi alama da biro a jikin tankin, a bar farantan a ƙasa su kwana da takarda a kowace mahaɗa.