Ɗanwakenta ya burge ni, kwalbar da ta aiko min ta ɓata min rai

Akwai wata baiwar Allah a Gwarinpa da ke dafa abinci a gidanta tana aikawa da ɗan babur. 'Yan Arewa masu aiki a Abuja da yawa sun san ta, lambarta na yawo a zaurukan WhatsApp, saboda haka ba sai na kama suna ba. Na fara saye a wurinta ne bayan maiɗakina ta haihu ta tafi wanka gida Kano, ni kuma shinkafar gidajen abinci ta fita a raina gaba ɗaya. Wani abokin aikina ya ce in gwada ɗanwakenta.

Duk wanda ya san ɗanwake ya san ba abincin tafiya ba ne. Da an tsame shi ya sha iska, shi ke nan ya daskare ya manne da juna, sai dai ka ci don yunwa. Ban yi zaton zai taso daga Gwarinpa ya iso Kubwa da sauran daɗi ba. Sai ga shi ta zubo shi a kula cikin ruwansa mai zafi, ta haɗo da ɗan matsami, mai a robarsa daban da soyayyiyar albasa a ciki, yaji a ƙulle daban, dafaffen ƙwai da yankakken tumatir da kabeji a gefe. Na tsame da kaina, turiri na tashi. Ga santsi, ga laushi, kanwar ba ta yi yawa ba balle ta yi ɗaci, kukar ta ji daidai, kuma kana ci ka san wake ya rinjayi rogo a garin, ba fulawa aka cika aka sa masa suna ɗanwake ba. Yajin kuwa na ƙuli ne da tafarnuwa da citta, an daka shi ya yi laushi. Wallahi ranar har na kira maiɗakin nawa na ba ta labari.

Daga nan na koma kan tuwon shinkafa da miyar taushe. Kabewa ta narke a ciki, gyaɗa ta ji, yakuwar ta ba da ɗan tsamin da ake nema, daddawa ta fito ba ta danne komai ba, ga ƙashi mai ɓargo. Tana sa soyayyen man shanu a ƙaramar roba in ka nema. Zoɓonta ma na kirki ne, da citta da kanumfari da ɓawon abarba, babu kayan ƙamshin leda da suke sa shi ɗanɗanon alawa. Na tallata ta a ofis ba don ta biya ni ba.

To a kan haka ne, da Kawu ya ce zai zo daga Zariya ganin likita zai kwana a wurina, ban yi shawara da kowa ba, ita na kira. Kawu dattijo ne, ya daɗe yana limanci a masallacin unguwarsu, kuma shi ya tsaya min a wajen aurena. Na gaya mata haka da bakina. Na ce, "Hajiya, baƙona babba ne, malami ne, a yi tuwo da taushe, a sa zoɓo mai sanyi, sukari kaɗan." Ta ce, "An gama, Alhaji, kar ka damu."

Abinci ya iso bayan Isha'i, alhali mun yi da ita kafin Magariba. Wannan na haƙura da shi, na san yadda titin Kubwa ke cushewa da yamma. Da na buɗe jakar babu zoɓo. A madadinsa doguwar koriyar kwalba ce mai takardar gwal a wuya da toshiya ɗaure da waya, irin wadda ake jerawa a teburin biki. Na duba waya na ga saƙonta: zoɓo ya ƙare, ta sa min "wayin mara giya" na ƙasar waje, in ƙaro mata cikon kuɗi. Ba ta kira ta tambaye ni ba, ta yanke hukunci ta aiko da lissafi.

Na shimfiɗa ledar cin abinci, Kawu ya wanke hannu, na jera kofuna. Ni kuma duk abin kwalba ko gwangwani sai na juya bayansa na duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC kafin in buɗe. A nan ne, ƙasa da jerin kayan haɗi, cikin ƙananan haruffan da sai na haska fitilar waya, na ga an rubuta da Turanci cewa giyar inabi ce da aka cire wa barasa, kuma barasar da ta rage ba ta wuce 0.5% ba. Hannuna na kan wayar toshiyar a lokacin. Kawu na zaune yana jira in zuba masa.

Mutane da yawa ba su san kwalaben nan iri biyu ne ba, don a ido kamarsu ɗaya. Na farko ruwan inabi ne zalla da aka sa wa gas, bai taɓa tsimuwa ba, lemo ne kawai a kwalba mai kyau. Na biyu kuwa giya aka fara yi cikakkiya: an tsima inabin har sukarinsa ya koma barasa, wadda a irin wannan giya takan kai wajen kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari, daga baya aka janye ta da na'ura, ko dai a ɗumama a tukunyar da aka zuƙe iskarta don barasar ta tashi ba tare da zafi mai yawa ba, ko a tace ta da matata ta musamman. Ba kullum take fita tas ba, shi ya sa a ƙasashe da dama doka ta yarda a kira abin sha mara barasa muddin bai haura 0.5% ba. Wanda ya yi kwalbar bai ɓoye komai ba, ya rubuta. Wadda ta aiko min ce ba ta karanta ba, ko ta karanta ba ta ɗauke shi a bakin komai ba.

Na gaya wa Kawu abin da na gani. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ajiye ta can, ɗan nan, ba mu ruwa." Ya kawo hadisin nan da ke cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ya ce ya san masana na da maganganu a kan irin wannan, amma shi abin da asalinsa giya ne ba ya kusantarsa. Ya ci tuwonsa sosai, har ya ce mai miyar nan hannunta irin na mahaifiyata ne. Ni dai ban ji ɗanɗanon komai ba a daren. Abin da ke yawo a raina shi ne da na buɗe na zuba wa wannan bawan Allah a gidana, da wane ido zan dube shi.

Washegari na kira ta, kuma amsar da ta ba ni ta fi kwalbar ƙona min rai. Ta ce, "Haba Alhaji, ai kowa na sha, har a bikin 'ya'yan malamai ana sawa. Ko ayaba in ta nuna sosai akwai ɗan abin a ciki." Na ce, "Hajiya, ba fatawa na kira nema ba. Zoɓo na ce ki kawo, kuma na gaya miki wanda zai sha." Ayabar da muke ci ba giya aka fara yi da ita ba. In ma wani ya ga halas ne a wurinsa, shi ya sani, amma a bar ni in zaɓa da kaina. Da ta kira ta ce zoɓo ya ƙare, sai in sayi lemo a shagon bakin layi, magana ta wuce. Kuma har a cikin wannan wayar sai da ta tuna min cikon kuɗin kwalbar. Na ce ta turo ɗan babur ya ɗauki kayanta.

Na daina saye na wani lokaci. Daga baya ta turo saƙon murya mai tsawo, ta ce ta nuna wa mijinta kwalbar ya karanta mata, ta mayar da sauran katan ɗin wurin wanda ya sayar mata, ta roƙi in ba Kawu haƙuri. A muryarta na ji da gaske take, kuma ba kowane mai sana'a ke iya wannan ba. Ta haɗo da kunun aya kyauta. Raina ya yi sanyi, har na ce zan rubuta mata yabo.

Amma da na zauna rubutun sai sauran abubuwa suka dawo min. Kunun ayar ban haƙurin kansa ya iso ya fara tsami, don aya da dabino da kwakwa ba sa jure zafi, ita kuma ba ta sa ƙanƙara a jakar ba. Naman taushen tun ana saka yanka manya ya koma guntaye, kuɗin kuwa sama yake yi. Kuɗin ajiyar kula da take karɓa sai ka bi ta kafin ya dawo. Ranar Juma'a kuma in ka kira sai dai ta yi ta ringin, don ranar manyan oda take yi, mu masu kwano ɗaya mu jira.

Na koma sayen ɗanwakenta, don ban samu wanda ya kama ƙafarsa a Abuja ba, kuma in kana kewar tuwon gida zan ce ka gwada taushenta. Abin sha kam na cire shi daga odata gaba ɗaya, na kuma rubuta mata a saƙo cewa duk abin da ya ƙare ta kira ni kafin ta musanya. Ranar da zan yi baƙo babba kuwa, sai dai in ɗauki mota in je in karɓo da kaina, in buɗe jakar a ƙofar gidanta.