Omron M2 Basic a ɗakin tsofaffi: abin da take iyawa da inda take tuntuɓe a zafin Sakkwato

Da korona ta iso Sakkwato a watan Afrilun 2020, shawarar da likitoci suka fi nanatawa ita ce tsofaffi su zauna gida, musamman masu hawan jini da ciwon sukari, domin su cutar ta fi kayarwa. Shawarar daidai take, amma ta bar giɓi. Dattijon da ya saba zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a auna shi, sai ya koma shan magani a makance. Ka tambaye shi, ya ce maka, "Ni ba ni jin komi." Hawan jini kuwa ba ya sallama kafin ya shigo, kuma sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce alamarsa ta farko. Wannan giɓin ne na'urar awon hawan jini ta gida take cikewa, kuma cikin waɗanda ake samu a kantunan magani, Omron M2 Basic ta cancanci kuɗinta. Sai dai da sharuɗɗa, kuma mai kanti ba safai yake faɗa maka su ba.

Na'urar kanta ba ta da rikitarwa. Akwati ne ƙarami mai fuska, da ɗamarar da ake ɗaurawa a damtse, da tiyon iska, da batura huɗu. Maɓalli ɗaya ake dannawa, ta hura ɗamarar, ta sace iskar da kanta, lambobi uku su fito: ta sama mai alamar SYS da ta tsakiya mai alamar DIA, su ne awon jinin da ake faɗa kaza bisa kaza, ta ƙasa kuma bugun zuciya. Lambobin manya ne, Hajiyar da idonta ya fara rauni za ta iya karantawa da tabarau. Fuskar ba ta da fitila, don haka da asuba in babu wuta sai an haska tocila. Kamfanin ya ce kuskurenta bai wuce maki 3 sama ko ƙasa ba. Ta fi irin waɗanda ake ɗaurawa a wuyan hannu nesa ba kusa ba, domin su da hannu ya ɗan sauka ƙasa da saitin zuciya sai lamba ta haye, ga jijiyoyin tsoho sun riga sun yi tauri.

Sharaɗi na farko, wanda ya fi kowanne ɓata awo, shi ne girman ɗamara. Wadda take zuwa a cikin kwalin ta damtse ce mai kaurin santimita 22 zuwa 32. Kafin a biya kuɗi, a ɗauki tef ɗin tela a zagaye tsakiyar damtsen mai amfani da ita, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. In da inci ake karantawa, kusan 9 ne zuwa 12 da rabi. Uwar gida mai jiki wadda damtsenta ya kai 36, in aka matsa mata wannan ɗamarar, na'urar za ta nuna jininta ya fi yadda yake hawa, hankalin gida ya tashi a banza. Ita babbar ɗamara take buƙata, mai 32 zuwa 42, kuma daban ake sayenta. Tsohon da ya rame har damtsensa bai kai 22 ba, shi kuma akasin haka ne: lambar za ta fito ƙasa, a ce Baba lafiya lau alhali ba haka ba ne. Wannan ya fi haɗari. Akwai ƙaramar ɗamara mai 17 zuwa 22, kuma ba kowane kanti ke ajiye ta ba, sai an sa an nemo.

Na biyu shi ne zafi. Takardar da ke cikin kwalin ta ce a yi awo a yanayin da ke tsakanin digiri 10 da 40. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu ya san rana takan wuce 40, ɗakin kwano marar silin kuwa sai abin da ya yi gaba. Awon azahar a irin wannan ɗaki ba abin dogaro ba ne. A yi shi bayan sallar asuba da kuma bayan isha'i, a ajiye na'urar cikin jakarta a ƙasan durowa, ba a taga ba, ba a cikin mota ba. Da hunturu ƙura ce matsalar: takan cika mannen ɗamarar har ya daina kamawa, iska ta riƙa zurarewa, fuska ta nuna alamar matsala ta E1. Wannan alamar dai tana fitowa in bakin tiyon bai shiga ramin da kyau ba, ko an ɗaura sako-sako. A duba waɗannan kafin a ce ta lalace.

Sai zama. Yawancin iyayenmu a tabarma ko buzu suke wuni, ƙafa a tanƙwashe, baya ba jingina. A haka lamba takan ƙaru. Kujerar roba ta isa: a jingina baya, tafin ƙafa biyu a ƙasa, hannu a kan tebur ko matashi yadda damtse zai yi daidai da ƙirji. A zare hannu daga babbar riga gaba ɗaya, kada a naɗe hannun kaftani ya shaƙe damtse. Bakin ɗamara ya tsaya santimita 1 zuwa 2 a saman gwiwar hannu, tiyon ya bi ta cikin hannu zuwa wajen tafi, a bar sararin da yatsa biyu za su shiga. A zaga bayi tukuna, domin cikakkiyar mara tana ɗaga awo. A zauna shiru minti 5. Kuma ga abin da ake yawan mantawa: goro. Sinadarin da ke cikin shayi da kofi mai hana barci shi ne a cikin goro, don haka minti 30 kafin awo ba goro, ba shayi, ba taba ko ta gari ce. Lokacin da ɗamara ke hurawa jika ya shigo da gaisuwa, a amsa masa bayan an gama. Magana da motsi su ke kawo alamar E4.

Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Abin da likita zai amfana da shi shi ne na mako guda: biyu da safe kafin shan magani, biyu da dare, da tazarar minti ɗaya ko biyu tsakaninsu, a watsar da na ranar farko a ɗauki matsakaicin sauran. A gida iyakar ita ce 135 bisa 85, ba 140 bisa 90 da ake amfani da shi a asibiti ba, saboda mutum ya fi natsuwa a ɗakinsa. A nan raunin na'urar yake, kamar yadda sunanta na Basic, wato mai sauƙi, ya nuna: akwai samfurinta da awon ƙarshe kaɗai yake riƙewa, babu rana babu lokaci. Dole a sami littafi na musamman, a sa yaro ɗaya mai hankali ya riƙa rubutawa, a ɗauki hoton shafin a tura wa likita ta WhatsApp. Hakan ya rage zuwa asibiti a lokacin annoba ba tare da an yanke da likita ba.

Abin da ke ba ni tsoro da wannan na'ura shi ne gidan da za a mayar da ita likita. A ga 150 a ƙara ƙwayar hawan jini ta amlodipine, a ga 115 a daina sha. Wannan ganganci ne da ran tsoho. Ƙarawa da ragewa na likita ne. Abin da ke hannun mutanen gida shi ne gane lokacin gaggawa: in lamba ta kai 180 bisa 120, a huta minti 5 a maimaita. In tana nan, a kira likita a ranar. In kuwa akwai ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko baki ya karkace, ko magana ta harɗe, ko hannu ɗaya ya saki, a tafi asibiti nan take, ko da annoba ko babu. Alamar zuciyar da ke fitowa a fuska in bugu ba ya tafiya daidai ita ma a faɗa wa likita in tana maimaituwa, domin a irin wannan hali lambobin kansu kan yi ta yawo.

Azumin 2020 ya faɗo a tsakiyar bazara da annoba tare, kuma ya nuna wani amfanin na'urar da ba a cika lura da shi ba, wato kama saukar jini. Tsohon da ke shan maganin da ke sa fitsari, ga zufa ga ƙishi, yakan ji jiri in ya miƙe daga sujada. A auna shi bayan ya huta, sannan a sake bayan minti ɗaya da kuma minti uku da tsayuwa. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, likita ya kamata ya ji, kafin a kai ga faɗuwa a bayi da karayar ƙugu.

Batura a sa masu ƙarfi irin alkalin, a canja huɗun tare. Masu arahar nan na rediyo ba sa daɗewa da jan famfon, kuma sukan tsiyaye a zafi su cinye ƙarfen ciki. In za a daɗe ba a yi amfani da ita ba a cire su. Tana karɓar abin jonawa a wuta mai bolt 6, amma ba ya cikin kwalin, kuma da yanayin wutarmu batir ya fi.

Maƙwabta za su zo aro, kuma hanawa da wuya. A lokacin annoba gara yaro ya kai musu da takunkumi da a tara tsofaffin unguwa a zaure ɗaya. In ta dawo a goge ɗamarar da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, a bar ta ta bushe a inuwa, kada a tsoma ta a ruwa. Saye kuma a kantin magani mai rajista, a karɓi rasit, a duba lambar samfur ta kwali ta dace da ta ƙasan na'urar, domin akwai jabu. Ranar farko da aka samu zuwa asibiti a tafi da ita, nas ta auna da tasu a auna da ta gida a hannu ɗaya, a rubuta bambancin a shafin farko na littafin.