Cin amarci a Dubai Parks: abin da munka gani ni da amarya

Tunda munka dawo Maradi ba a bar ni na huta ba, wanda ya ga hotuna a status sai ya kira, wani ya tare ni a kasuwa, wai ina ne wannan wuri, ya dace a kai amarya ko kuwa wurin yara ne. To bari in rubuta sau guda kowa ya karanta. Sunan wurin Dubai Parks and Resorts, kuma eh ya dace, amma akwai sharaɗi.

Da farko ku cire Dubai ɗin da kunka sani daga ranku. Dubai ta mutanen Maradi ai Deira ce, Naif, kasuwar zinariya, masu kago, otal ɗin da tun daga asansar za ka fara jin Hausa. Wannan kuwa can yake Jebel Ali bisa babbar hanyar Sheikh Zayed kamar za ka tahi Abu Dhabi, daga Deira kusan awa guda a taksi in hanya babu cunkoso. Kuma wallahi nisan nan shi ya fi komai yi mani daɗi. Duk wanda ya taɓa zuwa Dubai daga garin nan ya san halin saƙo, wannan waya, wannan abaya, wannan turaren wuta, gwaggo tana son a auna mata sarƙa. In kana Deira ba ka da hujja, amma in kana can sai ka ce kasuwa ta yi nisa kuma ba ƙarya ka yi ba. Amarci a gida kuwa kun san yadda yake, tun da sassahe ana sallama, ƙawaye, dangin miji, masu ganin ɗaki, har sati ya ƙare ba ku yi hira ta minti goma ku biyu ba.

Ta Yamai munka bi, kar daga nan, hanyar ta haura kilomita 600, sannan jirgin Ethiopian zuwa Addis Ababa a canza zuwa Dubai. Agogonsu na gaba da namu da awa 3, ku tuna da wannan kafin ku kira Inna da asubarku.

A ƙarshen 2016 aka buɗe wurin, kuma ba wurin wasa ɗaya ba ne, da yawa ne a haɗe. Akwai Motiongate na fina-finan Hollywood, akwai Legoland da wurin wasan ruwanshi, akwai Real Madrid World, sai Riverland a tsakiya inda ake yawo bakin ruwa ana cin abinci. Mu a otal ɗin Lapita munka sauka, yana ciki, an yi shi da fasalin tsibiran Polinesiya, rufin ciyawa, itatuwa, pisin. Biyen shiga wuraren wasa na cikin kuɗin ɗakin da munka kama, amma ku tambaya da kyau kafin ku biya dan ba kowane tsari ne haka ba. Amfanin kwana ciki shi ne in rana ta take ko ƙafa ta gaji sai ku koma ɗaki ku yi sallah ku kwanta cikin kilim, la'asar ku sake hita.

Abin da ya ɓata mana rai guda ne, kuma ba daga wurin ba ne, daga mai azans ɗin da ya haɗa mana tahiyar ne. Amarya mayyar fim ɗin Indiya ce, shi kuma ya riƙa tura mana bidiyon Bollywood Parks, rawa, kaya, gini kamar fadar sarakunan Indiya, ashe tun 2023 aka rufe shi, a hilin ne aka buɗe Real Madrid World a 2024. Da munka isa ta dube ni ta ce "Maigida, ina Indiyar?" Na kira mutumin, wai shi ma bai sani ba. Mutum yana sayar da tahiya bai san abin da yake sayarwa ba! Ga shi ni ɗan Barça ne, na biya kuɗina an kawo ni gidan abokan gaba, ƴan Madrid na majalisarmu har yau ba su daina yi mani dariya ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, wurin ya yi. Akwai wani lilo da suke kira Stars Flyer, tsawonshi mita 140, kujeru ne rataye da sarƙa a ɗaga ku sama ana juyawa, kana hango hamada da teku ƙafarka na reto a iska. Akwai kuma jirgin katako mai hawa da gangara, Hala Madrid Coaster, ƙararshi kaɗai ta isa. A nan ne na gane amfanin irin wannan wuri ga sabbin ma'aurata irinmu. Amarya mai kunya ce sosai, tun ɗaurin aure kanta a ƙasa, magana da ƙyar, abinci ma ba ta ci gabana. Da jirgin nan ya gangaro ta ƙanƙame hannuna tana salati da ƙarhi, ni ma ina nawa, munka sauko kowa na dariyar ɗan'uwanshi har da hawaye. Daga ranar bakinta ya buɗe, yanzu kam ni ke roƙon a yi shiru in yi barci.

Motiongate ya fi yawan abubuwan hawa, kuma ɓangaren DreamWorks, na fina-finan katun, duk a rufe yake da sanyi, nan munka riƙa fakewa da tsakar rana. Legoland kuwa kada ku ɓata yini, na yara ne ƴan shekara 2 zuwa 12. Ku shiga Miniland kawai ku ga Burj Khalifa da sauran gine-gine da aka haɗa da ƴan bulo na roba, ku yi hoto ku wuce.

Maganar sutura, dan wannan babu wanda ya gaya mana. Ango ka bar babbar riga da hula a balis, iska za ta tahi da hular. Amarya babu mai hana ki hijabinki, mata masu abaya cike suke da wurin, sai dai dogon hijabi mai jan ƙasa ko mayahi sake ba ya tahiya da abubuwan hawa, za a ce ki tattare shi, gara ƙarami mai kama kai da doguwar riga da takalmi marar tsini. Lallenta kuwa mata sun yi ta tsayar da ita suna kallo. Ɗakin sallah akwai na maza da na mata da wurin alwala, ba mu sha wahala ba ko kaɗan. Abinci halal ne, shinkafa, biryani, shawarma, kaji, da sahe a otal ka ɗiba da kanka. Wasu gidajen abincin suna sayar da giya, ba ruwanka da su. Ku dai zo da yajinku, kuma ku haƙura da hura sai kun dawo.

Sharaɗin da na ce shi ne lokaci da aljihu. Daga Nuwamba zuwa Maris ake zuwa. Kada wani ya ce shi ɗan Maradi ne ya saba da zahin Afrilu, na can daga Yuni zuwa Satumba yana haura digiri 40 kuma da gumi yake zuwa kamar ka tsaya bisa tukunyar dambu, wasannin da yawa kuma a waje suke. Hutunsu na mako Asabar da Lahadi ne tun 2022, in kuna son layi gajere ku shiga tsakiyar sati. Kuɗi kuwa dirham guda ya kai dala talatin da ƴan kai, in ka tsaya lissahin kowane kwalbar ruwa da sefa ba za ka ji daɗin komai ba, gara ka ware abin kashewa tun daga gida. Akwai harajin kashi 5 bisa saye, akwai kuma wani na gwamnati da ake biya a otal kowane dare, bai wuce dirham 20 ba, kada ka ga an ƙara ka ɗauka cuta ce.

Kwana biyu ko uku sun isa wurin, in ya wuce haka maimaici ne. Sauran kwanakin ku komo Deira, ɗaki ya fi araha, a ci tuwo, a yi sayayyar amarya, sannan a duba saƙon waɗanda sunka haɗo da kuɗinsu. Wanda ya ce "sayo in ka dawo na ba ka" kuwa har yanzu ina gaishe shi.