Jak mai taya a hanyar burji: faranti a ƙasa ko manyan tayoyi?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya kawo tambaya. Yana da Hilux da yake kwaso dankalin Turawa da masara da ita daga ƙauyukan Bokkos da Mangu na jihar Filato, yana kuma da jak mai taya na tan 3, irin na gareji. A kan siminti ba ya ba shi matsala, amma a hanyar burji, musamman da damina, ƙananan tayoyin sai su nutse, motar ta ƙi tashi. Ya tuntuɓi masu walda biyu. Ɗaya ya ce a cire ƙananan tayoyin a sa na baro, ɗayan ya ce a shimfiɗa masa farantin ƙarfe a ƙasa. Yana son sanin wanne zai bi.

Ɗan'uwa, kafin a auna shawarwarin nan biyu, akwai abin da ya kamata ka gani da idonka. Ka ajiye jak ɗin a kan siminti babu kaya, ka tsuguna a gefensa, wani ya riƙa buga sandar. Za ka ga ƙoƙon da ke tallafar mota ba miƙewa sama yake yi sak ba. Damtsen da ke ɗauke da shi lanƙwasa yake bi kamar lauje, yana hawa yana ja da baya wajen mai bugawa. Idan tsawon damtsen santimita 40 ne, daga kwance zuwa digiri 30 zai hau santimita 20, ya ja baya kusan 5 kawai. Daga digiri 30 zuwa 60 kuwa, hawan bai wuce santimita 15 ba, ja da bayan ma 15 ne. A gareji ba ka lura da wannan saboda jak ɗin da kansa yake gangarawa ƙarƙashin motar ya cike giɓin. Aikin tayoyin ke nan, ba don sauƙin ja kaɗai aka sa su ba. To a cikin laka, inda suka kafe, ɗayan biyu ne: ko jak ya janyo motar, ko ƙoƙon ya zame daga ƙarƙashin aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin motar. Nutsewa ɓata lokaci ce, zamewar nan ita ke karya hannu.

Don haka kowane gyara tambaya biyu za a yi masa. Ya hana nutsewa? Ya bar jak ya motsa?

A wajen hana nutsewa, faranti ya yi wa taya fintinƙau. Hilux mai ƙofa huɗu tana kai tan 2 babu kaya, da buhunan masara goma ta doshi tan 3, kuma mafi yawan ƙarin a bayanta yake. Mu ɗauka tan 1 ne zai hau kan jak idan ka ɗaga gefe guda. Ƙananan tayoyin gaba guda biyu, wurin da suke taɓa ƙasa duka-duka bai fi faɗin akwatin ashana biyu ba, wato kowane murabba'in santimita yana ɗaukar kilo 40 zuwa 50. Babu jar ƙasar da ta sha ruwan Agusta da za ta jure wannan. Faranti mai faɗin santimita 30 da tsawon 70 yana da murabba'i 2,100, nauyin ya koma kusan rabin kilo a kowane ɗaya, daidai da mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya. Nauyin ba ya rabuwa daidai wa daida, gaba ya fi ɗauka, amma ko an ninka lissafin sau biyu har yanzu inda ƙafarka ba ta nutse sosai ba jak ma zai tsaya. Taya mai tsayin santimita 20 da faɗin 7 ta fi ƙaramar nesa, sai dai ita ma da gefenta take tsaye. A busasshiyar burji da tsakuwa tana yi, a taɓo sai ta nutse har sai kumatun jak, wato ƙarafan gefensa biyu, sun zauna a ƙasa.

A wajen motsi kuma taya ce a gaba. Tana hawa ƙananan duwatsu, tana gangarawa da kaya a kanta, ga sauƙin jan jak mai kilo 30 zuwa 40 daga bayan mota zuwa inda ake bukata. Faranti yana sulɓi a yashi da laka mai santsi, amma a kan fa ko busasshiyar marmara yana cijewa, kuma Filato ba ta rasa dutse. Maganin wannan a wajen yanka yake: kada a cire tayoyin asali. A huda musu tagogi huɗu a jikin farantin yadda za su leƙo ƙasa da milimita 5 zuwa 8. A kan siminti ko dutse tayoyin ne za su taka, jak ya gangara kamar da. A ƙasa mai laushi su nutse wannan ɗan kaɗan ɗin, faranti ya karɓi nauyi. Tagogin baya a yi su da faɗi, domin waɗancan tayoyin juyawa suke yi.

Yanzu maganar tayar baro, wadda ita ce na fi son ka ji da kyau. Tayar baro mai iska, mai lamba 4.00-8, an yi ta ne don kilo 150 zuwa 200. A jak, tayoyin gaba ke ɗaukar kusan duk nauyin, kowace za ta iya samun kilo 400 zuwa 500. Kafin ma ta fashe, za ta lotse, kuma ba lallai biyun su lotse daidai ba, sai jak ya karkata gefe da mota a kansa. Ga tsayinta kusan santimita 40, ba za ta ma shiga ƙarƙashin motar da tayarta ta sace ba. Tayoyin janareto na roba su ma haka, boris ɗinsu na gwangwani ne. Idan har taya za a sa, sai daskararriya marar iska, ta ƙarfe ko ta nailan mai tauri, wadda aka rubuta a jikinta tana ɗaukar kilo 600 ko fiye. Wadda ba a rubuta komai a kanta ba, ka bar wa mai ita.

Ko an samu tayar kirki, sauran aiki. Sandar da ke riƙe tayoyin gaba gajeriya ce, tayoyin manne suke da kumatun jak. Taya mai faɗi tana tura nauyin waje, a ce santimita 5 daga kumatu. Kilo 500 a wannan nisa ya isa ya lanƙwasa sandar ƙarfe na gama-gari mai kaurin milimita 20. Mai kaurin 25 ta kusa ninka ta ƙarfi, ita za ta riƙe. Amma kafin ta shiga sai an faɗaɗa ramin kumatun, wato an rage naman ƙarfen da ke kewaye da shi, sai an ƙara masa wani falle a ɗaure da noti. Rodin gini ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Sannan baya ma sai an ɗaga shi daidai da gaba da wata sandar ta daban, in ba haka ba jak ya zauna a karkace, nauyi ya koma kan ƙananan tayoyin baya da ba a yi su don haka ba. Aikin ya zama na masu injin sassaƙa ƙarfe, ba na mai walda kaɗai ba.

Akwai kuma tsayi. Canja taya mai santimita 9 zuwa mai 20 yana ɗaga jak ɗin da santimita 5 da rabi. Faranti mai kaurin milimita 4 ko 5, in an yi masa tagogi, ba ya ƙara komai. Wannan yana da muhimmanci ranar da taya ta sace gaba ɗaya. Taya mai lamba 265/65 R17 tsayinta ya kusa santimita 78, tsakiyar aksil tana wajen 39 daga ƙasa, idan iska ta fita ta sauka da fiye da 10, in kuma rim ya ɗan nutse a laka sai abin da ya rage ya ƙara raguwa. Ka auna tsayin jak ɗinka a kwance, yawancinsu 13 zuwa 14 ne, ka ga ko akwai wurin ƙarin.

Jakunan da kamfanoni ke ƙerawa musamman don daji, irin Pro Eagle da Badland na Amurka, suna haɗa manyan tayoyi da faranti da abin ƙarin tsayi a lokaci guda, amma tun daga zane aka gina jikinsu don haka. Naka an gina shi ne don siminti. A ganina, ga hanyoyin da kake bi da kuma kayan da za ka samu a Jos, faranti ya fi. Ya fi arha, ba ya taɓa ƙashin jak ɗin, kuma in bai yi maka ba sai ka kwance.

Yadda za a yi shi: a samo falle na ƙarfe a Dilimi, kauri milimita 4 ko 5. Mai milimita 3 yana lotsewa tsakanin tayoyin gaba. Mai 4 a girman 30 da 70 zai yi kilo 6 da rabi, mai 5 ya haura 8. A bar rarar santimita 5 gaba da baya, a lanƙwasa su sama kamar bakin kwalekwale don kada gefen ya riƙa tonon ƙasa. A yi wa farantin kunnuwa huɗu na ƙarfen kwana, a yi waldarsu a jikin farantin, jak yana can gefe. Sannan a ɗaure kunnuwan da jak da noti M10 ko M12 masu lamba 8.8 a kai, lambar da ke nuna ƙarfinsu, ta ramukan da ke jikinsa tun asali in akwai. Kada mai walda ya ɗora wuta a jikin jak ɗin kansa. Zafi yana cinye robobin cikin silinda, yana murɗa kumatu har damtse ya riƙa gogar gefe, in kuma jak ɗin na alminiyam ne waldar ba za ta kama ba ma. A huda ƙananan ramuka biyu ko uku a tsakiya don ruwa da laka su samu mafita.

Abin ƙarin tsayi ya fi amfani fiye da yadda ake zato, saboda lissafin lanƙwasar nan ta farko. Idan ƙoƙo ya taɓa mota tun damtse yana kwance, aikin zai ƙare a inda ja da bayan bai da yawa. A yanko bututu mai faɗin santimita 6 da kaurin bango milimita 5, tsawo 10 zuwa 15, kada ya wuce 20. A ƙasansa a sa ƙusa mai kauri wadda ta cika ramin da ƙoƙon asali yake zama, babu wasa, a samansa a yi baki mai kama da gwafa wanda zai rungumi aksil. Bulo, dutse, ko guntayen katako da aka jera a kan ƙoƙo ba ƙarin tsayi ba ne. Bulo ba ya yin gargaɗi kafin ya ruguje.

Inda za ka ɗora jak ma yana rage rabin wahalar. A baya, ka kama aksil kusa da sifirin, santimita kaɗan taya ta bar ƙasa. In ka kama shasi, sai ka gama miƙar da sifirin kafin tayar ta motsa, jak ya kai ƙarshen tsayinsa, inda ya fi zamewa. Hilux daga 2005 zuwa yau ba ta da miƙaƙƙen aksil a gaba, don haka a can sai ka bi wurin da littafin motar ya nuna. Ka sa giya, ka ja hambirki, ka tuna hambirki tayoyin baya kawai yake riƙewa, ka sa waigi gaba da bayan tayar da ke ɗaya kusurwar. Ka sassauta notin taya tun tana ƙasa. Duk bugu biyar ka leƙa ƙoƙon, in ya fara karkata ka sauke ka gyara. Safaya ta kwanta ƙarƙashin shasi har a gama, kuma babu mai shigar da kai ko kafaɗa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ko da faranti, ka ajiye katako mai kauri a mota, a ce faɗi 40, tsawo 90, kauri 5, a Kasuwar Katako za a yanka maka. A taɓon da ya kai idon sawu, shi za ka fara shimfiɗawa, tayoyin da suka leƙo su gangara a kansa.

Wanda zai riƙa yawo da jak a bayan a-kori-kura ya ɗaure shi a zaune, kada ya kifa shi. Girgizar hanya tana shigar da iska cikin man, sai ka ga ana bugawa yana hawa rabi-rabi. In haka ta faru, ka buɗe bawul ɗin saukewa, ka buga sanda sau goma, ka ɗan ɗaga murfin zuba mai iska ta fita, ka mayar. Mai kuwa na haidirolik mai lamba 32 za ka zuba. Man birki yana kumbura robobin, baƙin mai kuma ya yi kauri, da sanyin safiyar Janairu a Jos sai ka ga jak yana hawa da ƙyar. Ƙaramin notin da ke ƙarƙashin murfi kusa da famfo, wanda ke hana ɗaukar abin da ya wuce ƙima, kada bakanike ya matse maka shi da sunan ƙara ƙarfi.

Idan aikin ya kammala, gwajin farko a gida za a yi, ba a hanyar Bokkos ba. Ka loda motar, ka jiƙa ƙasa da bokiti biyu, ka ɗaga taya ɗaya santimita 3 daga ƙasa, ka ja layi da alli a jikin damtse da kumatu, ka bar shi minti goma. In layin ya goce, jak yana sauka da kansa, galibi matsalar robobi ce. Sai ka sauke, ka kifa farantin ka ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe, in haske yana wucewa tsakaninsu a wajen tayoyin gaba, a ƙara masa haƙarƙari biyu na ƙarfen kwana ta sama.