Sharhi kan rangadin ƙafa a Englischer Garten na birnin Munich

Shiga Englischer Garten, babban lambun shaƙatawa na birnin Munich a ƙasar Jamus, kyauta ne, saboda haka kuɗin da na biya wani kamfanin yawon buɗe ido na bayanin ɗan jagora ne kawai, kuma a kan wannan bayani zan auna rangadin. Babban amfanin da na samu shi ne gane cewa wannan fili mai faɗin hekta kusan 375, wanda baƙo zai ɗauka daji ne da ya tsiro da kansa, shiri ne na hannun mutane tun daga tuddansa har zuwa inda ƙoramunsa suke karkata.

Jagoran ya iya ba da tarihin farko. A shekarar 1789 ne Karl Theodor, mai mulkin Bavaria, yankin da Munich ke ciki, ya ba da umarnin kafa lambun, aikin kuma ya faɗa hannun Benjamin Thompson, haifaffen Amurka wanda ya goyi bayan Ingila a yaƙin neman 'yancin ƙasarsa. Da farko an ware wani sashe domin sojoji su koyi noma a lokacin zaman lafiya, sannan aka buɗe wa jama'a wurin a 1792.

Inda ya fi burge ni shi ne kan tudun Monopteros, ƙaramin gini zagayayye mai ginshiƙai irin na Girkawa, wanda Leo von Klenze ya tsara wa Sarki Ludwig na Ɗaya a shekarun 1830. Jagoran ya buga ƙafa a ƙasa ya ce tudun ma tara shi aka yi, sannan ya nuna mana yadda aka dasa itatuwa rukuni-rukuni a gefen makiyayar ciyawa, aka bar tsakiya a buɗe domin ido ya kai ga hasumiyoyin cocin birni. A nan ne bambancin salon Faransa, mai miƙaƙƙun hanyoyi da itatuwan da aka daddatse kamar na fadar Versailles, da salon Ingila mai kwaikwayon karkara ya fito mini sarari. Hasumiyar katako mai siffar ginin Sin da ke cikin lambun, mai tsawon mita 25, ita ma ta Landan ta biyo, domin an kwaikwayi wadda ke lambun Kew ne. Ta Munich ɗin ta ƙone a 1944 aka sake gina ta a 1952.

Sai dai ina da ƙorafi. Friedrich Ludwig von Sckell, wanda ya koyo aikin tsara lambu a Faransa da Ingila, ya karɓi ragamar wurin a 1804, kuma shi ne ya ba shi kamanninsa na yau, amma ambatonsa bai wuce a-taƙaice ba, alhali an ɓata lokaci mai tsawo ana kallon matasa masu wasan sulu da allo a kan igiyar ruwan Eisbach, wata ƙorama da ke ratsa lambun. Tawagar kuma ta yi yawa, har na baya ba sa jin magana sosai idan masu keke suna wucewa.

Rangadin bai tsallaka babban titin Isarring zuwa sashen arewa ba, wanda ya fi faɗi kuma ya fi ƙarancin jama'a. Mai sha'awar tarihin tsarin lambun ya kamata ya tambayi yawan tawaga da iyakar hanyar da za a bi kafin ya biya kuɗinsa.