Wasiƙa daga Landan: na je kallon tsohon fim

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, da Inna da yara baki ɗaya. Ka tambaye ni ko har yanzu ina da ƙulafucin kallo irin na zamanin da kake goya ni a keke zuwa El Dorado. Ai sai abin da ya ƙaru, sai dai yanzu tsofaffin finafinan Turawa marasa kala nake bi, waɗanda aka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Ranar Asabar na je wani gidan silima a bakin kogin Thames, na ga The Third Man na shekarar 1949. A Vienna aka yi labarin, lokacin da Amurka da Ingila da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka raba birnin a tsakaninsu. Wani mutum ya zo neman abokinsa, aka ce masa mota ta kashe shi. Ashe yana raye, ɓoyewa ya yi, domin yana satar maganin penisilin daga asibitin soja yana tsarma shi yana sayarwa, yara suna mutuwa. Wallahi da aka zo wurin nan jikina ya yi sanyi, na tuna da jabun maganin zazzaɓin da aka taɓa sayar wa Inna a kemis.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hoton. Fim ya haura shekara 70, amma tangaram, ba yaga ba tsalle, kana ganin duwatsun titi suna ƙyalli da ruwa. Hukumar finafinan Ingila tana da rumbu a ƙauyen Gaydon inda ake adana faifan asali cikin sanyin da ya wuce na ƙanƙara. Mu kuwa Shaihu Umar na 1976, sai da aka tsinto faifansa a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a Berlin a 2018.

Amma kada ka ɗauka komai daɗi ne. Kujera mai laushi, ɗaki da ɗumi, fim ya fara daidai mintin da aka rubuta. Sai dai shiru kamar gidan makoki. Da mugun ya bayyana a bakin ƙofa na ce "Kai!", wata tsohuwa ta juyo ta zabga mini harara. Ina ihun 'yan kallo na Kano, ina mai gyaɗa da rake? Kuɗin gugguru kuwa, da na lissafa da naira sai na fasa, na haɗiye yawu.

A nan masaukina ma akwai tashar talabijin mai suna Talking Pictures TV, dare da rana tsofaffin finafinai take sakawa. A can na ga fim ɗin gawar da Ingilishi suka jefa a tekun Sifaniya a 1943 da takardun bogi, don Jamusawa su zaci Girka za a kai wa hari, alhali tsibirin Sisili na Italiya aka nufa. Tashar kyauta ce, amma dole ka biya lasisin talabijin, sama da fam 170 a shekara.

Don Allah ka duba mini kaset-kaset ɗinmu da ke cikin akwatin ƙarfe a zaure, ka ga ko damina ta bar wani abu. Ka gaida Inna, ka ce maganin ƙafarta yana hanya.