Darasin murya a kan Ignatiyef: abin da na samu da jaka guda

Wata uku ke nan da na shiga darasin tarihi da wani malamin makaranta a nan Garwa yake turowa ta WhatsApp, muryoyi biyu a kowane mako, kuma kuɗin jaka guda ne na sefa a wata. A makon jiya ya ɗauko rayuwar Nikolai Ignatiyef, ɗan wani babban gida a Rasha da aka haifa a 1832, wanda ya fara da aikin soja kafin ya koma jakadanci, kuma wannan darasi ne ya sa na ga ya dace in faɗi ra'ayina.

Inda malam ya fi burge ni shi ne bayanin tafiyar Ignatiyef zuwa Sin. Ya nuna yadda ya isa Bejin a lokacin da sojojin Ingila da Faransa suka matsa wa daular lamba, ya shiga tsakani a matsayin mai sulhu, sannan a 1860 ya fito da yarjejeniyar da ta miƙa wa Rasha ƙasar da ke gabas da kogin Usuri, inda birnin Baladibostok yake a yau. Malam bai gaggauta ba, ya yi ta warware zaren a hankali har na fahimci yadda aka samu ƙasa mai faɗi haka ba tare da an gwabza yaƙi ba.

Shekarunsa na jakadanci a Santambul, daga 1864 zuwa 1877, da yarjejeniyar San Sitefano ta 3 ga Maris 1878, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Rasha da Turkiyya, ta kuma shata iyakokin Bulgeriya, su ma sun samu kyakkyawan bayani. Na ji daɗi da ya ja hankalinmu cewa taron Balin na 1878, wanda ya rage girman Bulgeriya da Ignatiyef ya tsara, daban yake da taron Balin na 1884 da ya shafi rabon Afirka, domin ɗalibanmu da yawa suna haɗa su.

Abu biyu ne ban gamsu da su ba. Malam ya ratsa zamanin da Ignatiyef ya yi yana ministan cikin gida na Rasha da sauri, alhali dokokin watan Mayu na 1882 da suka takura wa Yahudawa suna buƙatar a tsaya a kansu. Sannan babu taswira, kuma sunayen koguna da garuruwan da kunne bai saba da su ba suna da wuyar riƙewa. Na roƙi malam ya riƙa haɗo hoton taswira da kowace murya, kuma na riga na biya kuɗin wata mai zuwa.